Don Saverio, Mai Ƙirga Kwanduna

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ake jin tarin keken Don Saverio daga bakin lungu. Mai ƙafa uku ne, shuɗi, ya girmi yawancin samarin unguwar Sanita, kuma shi kaɗai ne abin hawan da ke kutsawa tsakanin gidajenmu bai goge bango ba. Kafin lokacin ya riga ya je babbar kasuwa ya dawo, ya jera tumatir da yalo da lemon tsami, da ganyen nan mai ɗaci da mu mutanen Napoli muke soyawa da tafarnuwa. Sai ya kashe inji, ya ɗaga kai sama, ya saki murya.

"Ga tumatir ya fi kumatun amarya ja! Wadda ba ta sauko da kwando ba, yau mijinta ya ci taliya gaya!"

Tagogi su buɗe, kwanduna su fara saukowa da igiya daga hawa na uku, na huɗu, na biyar. Ya san na kowa, ya san abin da kowa ke so tun kafin a faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai daina. Idonsa na dama ya tafi, na hagu ma ya fara dishi-dishi, an ce ba za a sabunta masa lasin tuƙi ba. Tun da labarin ya fito hankalin lungu bai kwanta ba, kuma ba maganar kayan miya ba ce, don akwai babban kanti a bakin titi. Abin da ke damunmu daban ne.

Don Saverio ƙirga kwandunan yake yi. A lunguna ukun da yake zagayawa akwai tsofaffi goma sha ɗaya da ke zaune su kaɗai a saman bene. 'Ya'yansu sun tafi Milano ko Jamus neman aiki. Maƙwabtan da suka sani sun tashi, an mai da ɗakunansu masaukin 'yan yawon buɗe ido, kowane kwana uku sabuwar fuska da akwati mai taya. Idan kwandon tsoho ya sauko, to ya kwana lafiya. Idan bai sauko ba, mutum ɗaya ne a duniya zai lura.

A cikinsu akwai Donna Vincenza, mai shekara tamanin da shida, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. A hawa na biyar take, kuma gaisuwarta da shi kullum faɗa ce.

"Saverio, ɓarawo! Jiya ruɓaɓɓiyar albasa ka sako min."

"Donna Vincenza, albasar nan ta fi ki ƙuruciya."

"Uwarka ta fi ka kunya, Allah ya jiƙanta. Sako min tumatir uku, kada ka latsa su."

Wata Talata a watan Agustan bara waccan, lokacin da zafi ke hana mutum numfashi, kwandonta bai sauko ba. Ya kira sau uku, taga a rufe. Aniello mai shagon kofi ya leƙo ya ce, "Bar ta mana, Don Saverio, wataƙila barci ne ya kwashe ta."

"Matar da ke riga ƙararrawar coci tashi? Shekara talatin ba ta taɓa fasa zagina ba. Riƙe min keken nan."

Matakala casa'in da huɗu ce, ga gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Haka ya hau har sama. Ya buga ƙofa, shiru. Ya kara kunne, sai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a hankali. Baƙin da ke ɗakin da ke kallon nata suka fito, ba sa jin yarensa, ba ya jin nasu. Da hannu suka nuna masa cewa tun jiya suke jin ƙarar, sun ɗauka bututun ruwa ne. Ya leƙa ta tagar matakala ya ƙwala wa Aniello kira, aka kawo ƙarfe aka ɓalle ƙofar.

Tana kwance a ƙasan kicin tun azahar ɗin jiya. Ƙashin ƙugunta ya karye, leɓɓanta sun tsattsage, hannunta riƙe da ludayin da take buga ƙasa da shi. Ya durƙusa ya jiƙa mata baki da ruwa. Ta buɗe ido da ƙyar ta dube shi.

"Ka makara, ɓarawo," in ji ta.

Motar asibiti ta zo, amma ta tsaya can bakin titi, don babura da teburan masu sayar wa baƙi abinci sun toshe hanya. Ma'aikatan suka shigo da ƙafa, suka sauko da ita a makara irin ta marasa lafiya, sai ga tafiya mai nisa a cikin rana. Don Saverio bai yi shawara da kowa ba. Ya kife kayan keken gaba ɗaya a ƙasa, tumatir na gangarawa har bakin kwata, aka ɗora ta a baya, ya tuƙa a hankali yana yi wa masu tebura tsawa har suka ja da baya. Likita ya gaya wa ɗanta daga baya cewa da an ƙara rabin yini, da sai dai wani labarin.

Ta yi wata biyu kafin ta dawo gida. Ba ta cika mako ba kwandonta ya sauko da takarda a ciki. "Karanta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu," ta ce daga sama. Shi ma karatunsa bai wuce firamare ba, amma ya gane. Kamfanin da ya sayi ginin ne ke cewa ta tashi cikin kwana sittin. Ya ɗaga kai ya ga tana jira, ta dafa sanda.

"Ta hukumar ruwan famfo ce. Bar min ita, zan ji da su."

Ranar bai gama zagayensa ba. Ya kai takardar wajen lauyar ƙungiyar 'yan haya, ta ce ana buƙatar shaidun cewa tsohuwar ta yi shekara hamsin a ɗakin, kuma ba ta da inda za ta. Washegari duk kwandon da ya sauko, takarda da biro ya fara sakawa a ciki. "Sa hannu tukuna, sannan ki ga tumatir!" Cikin mako guda ya tara sa hannun mutum sama da ɗari biyu. Sai da aka sa ranar zaman kotu sannan ya hau ya gaya mata gaskiya. Ta zage shi tas, ta kuma sa ya zauna ya sha kofi. Alƙali ya ba ta damar ƙara shekara huɗu a ɗakin. Ba kowa ya samu haka ba. Wani mai gyaran takalma da wani magidanci mai 'ya'ya uku sun tashi a shekarar, kuma a keken nan aka kai kayansu bayan gari. Kwana biyu bayan haka Don Saverio bai yi kiran tumatir ba, tsayawa kawai yake ya jira.

Don Saverio, kai ne idon lungunmu, ba wanda ya naɗa ka, ba wanda ya taɓa biyanka a kan haka. Kai ne ka san wanda likita ya hana gishiri, da wadda ta daina girki tun da ƙanwarta ta rasu. Mu da muke da ƙafa da ƙuruciya muna wucewa ƙarƙashin tagogin nan kullum, kanmu a ƙasa. Kai kaɗai kake ɗaga naka. Gatan wanda ba shi da kowa, yanzu ga shi za ka ajiye makulli, kuma tsoro ya kama mu, don mun gane nauyin da muka bar maka kai kaɗai.

Shi ma tsoron ne ke cinsa. Matarsa Nunziata ta ce ya rame, ko miyar naman Lahadi da yake so, wadda take dafawa tun safe, sai dai ya juya cokali ya tashi. Lahadin da ta wuce, bayan an fito daga coci, ya tara mu a shagon Aniello. Ya jero sunayen tsofaffin goma sha ɗaya da ka, da lambar gida da hawan kowa.

"Ba wani babban abu nake roƙo ba," in ji shi. "Kowa ya ɗauki mutum ɗaya. Kafin tara na safe ka buga ƙofa. In an zage ka, lafiya ke nan, ka tafi aikinka."

Wani ya ce yana fita da wuri, wata ta ce ita ma haya take, ba ta san ko za ta kai baɗi a nan ba. Don Saverio yana ta murza hularsa. Can Aniello ya buga tebur ya ce, "To, ni a ba ni masifaffiyar hawa na biyar. In ta kashe ni, ku ne shaida." Aka yi dariya, hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafin kofi ya huce an ɗauki tara.

Mun gode, Don Saverio. Allah ya bar maka hasken da ya rage, ya hutar da gwiwoyinka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma da ke karanta wannan, a Sanita kuke ko a wata unguwa, akwai wani tsoho a saman ɗakinku da ba ku san sunansa ba. Ku hau ku tambaya. A lungunmu dai saura mutum biyu ba su da mai buga musu ƙofa: wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya kurmance, a gida mai lamba goma sha huɗu, da wata baiwar Allah da ba ta buɗe wa kowa sai ta ji muryar da ta sani. Kwana tara ya rage watan ya ƙare.