Hannun Rigar Yaya na Dama

Ni tela ce, shekarata ashirin da shida a kan keke, kuma duk wanda ya ce maka tela ba ya ƙarya ka turo mini shi. Muna yin ta "gobe ka dawo", wannan kowa ya san da ita, ba ta taɓa kashe kowa ba. Wadda nake nufi daban ce. Ita ce wadda na yi wa yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau ba ta bar ni na ji daɗin abinci ba.

Yaya mai fasa kankare ne. Yana ɗan shekara sha bakwai babanmu ya rasu, ya ɗauki guduma ya bi masu rushe tsofaffin gine-gine, bai ajiye ta ba sai da ya haura hamsin. A wurin aiki ba mai kiran sunansa, Guduma suke ce masa. Da gumin gudumar nan ya saya mini keken da nake zaune a kai. Mutum ne marar surutu, in ka samu kalma goma a bakinsa a yini to ranar yana cikin nishaɗi. Da matarsa ta rasu, 'yarsa kuma aure ya kai ta nesa, sai ya dawo ɗakin da ke bayan shagona, ɗaki ɗaya mai katifa da buta da ƙusa uku a bango. Ko madubi babu. Ni nake ɗinka masa duk abin da yake sawa, kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Auta, ko da furfura ta fara fito mini.

Shekara tara ke nan, wata rana ina auna shi zan yi masa riga. Na ce, "Yaya, miƙe hannu." Ya miƙa na hagu, tef ya kwanta sambal daga kafaɗa har wuyan hannu. Ya miƙa na dama, sai na ga tef ya bi ta iska, gwiwar hannun ta ɗan karkace ta bar rata kamar yatsa biyu.

Na ce, "Miƙe mana."

Ya ce, "Ai na miƙe."

Na dubi fuskarsa, wallahi bilhaƙƙi yake faɗa. Shekara talatin yana dukan kankare, gwiwar ta ƙage a hankali a hankali har bai san ranar da ta daina buɗewa ba. Mutumin da ba shi da komai a duniya sai hannun nan, ni ce zan ce masa ya karkace? Sai na ɗauki allina na ja hannun rigar da ɗan lanƙwasa, na ƙara yadi ta bayan gwiwa, na rage ta ciki. Da ya sa sai ya juya kafaɗa ya ce, "Ɗinkinki ya gyaru, Auta. Riga ta daina cizona." Tun daga ranar, duk rigar da ta fita daga shagona zuwa jikinsa hannunta na dama a lanƙwashe yake, ba wanda ya sani sai ni da almakashina.

Bara waccan ɗan kwangilar da suke wa aiki ya sayo injin fasa kankare, irin mai girgiza mutum har haƙora. Aikin da Yaya yake kwana uku yana yi, injin ya cinye shi kafin azahar. Ɗan kwangilar, wanda Yaya ya girme shi da shekara ashirin, ya dafa kafaɗarsa a gaban leburori ya ce, "Baba, hannunka ya ƙare. Ka je ka riƙe mana ƙofa." Aka ba shi kujerar roba da littafin rubuta lambar motoci. Ya karɓa ya zauna. Amma da ya dawo ya zauna a bakin shagona, sau uku yana maimaitawa kamar mai tauna tsakuwa: "Wai hannuna ya ƙare."

Daura da ƙofar da yake gadi akwai gidan masu ɗaga ƙarfe. Yaya yana zuwa gadi da tsohuwar gudumarsa, in zaman ya ishe shi sai ya riƙa juya ta da hannu ɗaya. Mai gidan ya hango shi, ya tsallako titi ya ce masa ai wannan abin da yake yi wasa ne da ake gasa a kai, kuma za su shirya ɗaya baɗi. Ya ba shi takardar dokoki. Yaya karatunsa bai yi nisa ba, ni na karanta masa. Ka riƙe guduma a can ƙarshen ƙota, ka miƙe hannu gabanka, kan gudumar yana sama. Sai ka sauko da kan a hankali har ya taɓa hancinka, ka mayar da shi sama. Wuyan hannu kaɗai zai yi aikin. Gwiwar hannu kuwa a miƙe take tun daga farko har ƙarshe, in ta lanƙwashe an soke.

Da na kai layin nan sai na saci kallon gwiwarsa. Shi ko a jikinsa. Abin da ya tambaya ɗaya ne: "Wanda ya yi, ana rubutawa?"

Na ce ana rubutawa, har da nauyin gudumar.

Ya ce, "To shi ke nan. A rubuta. In kai wa yaron can ya karanta."

Ba kyauta yake nema ba, ba kofi ba. Takarda ɗaya yake so, mai sa hannun alƙalai, da za ta ce hannunsa bai ƙare ba.

Wata sha ɗaya ya yi yana shiri, kuma ban taɓa ganin mutum ya bi abu da tsari haka ba. Ya ari allina ya ja layuka a jikin ƙota, tsakanin kowane layi faɗin yatsa ɗaya. Ya fara riƙewa a tsakiya, inda guduma ba ta da nauyi sosai. Duk bayan mako biyu sai ya sauka layi ɗaya zuwa ƙarshen ƙotar, don ya ce ba ƙarfen ne ke kayar da mutum ba, tsawon icen ne. In ya kai ƙarshe sai ya koma tsakiya da guduma mafi nauyi. Daga kilo huɗu ya koma biyar, daga biyar ya koma shida. Da safe kafin ya tafi gadi zai jiƙa tsohon bargo ya yi ta matsa har sai ya daina ɗiga. Sau biyu guduma ta kuɓuce masa, sau ɗaya ta fasa masa karan hanci, jini ya ɓata mini yadin wata mata da na shanya. Na yi ta masifa, na ce tsofai-tsofai da shi zai kashe kansa a kan wasan yara. Ya goge hancin ya ce, "Layi uku ya rage."

Mai gidan ƙarfen ya sha gayyatarsa ya zo ya yi a cikinsu. Ya ƙi, wai ba zai je yara masu matsattsun riguna su kalle shi yana koyo ba, sai ranar da ya gama. Da ya je, da tuni wani ya gani ya faɗa masa. Maimakon haka ni ya naɗa alƙali. Kowace Lahadi zai tsaya a tsakar gida ya ce, "Auta, ke kike da ido. Tsaya ta gefe ki duba." Sai ya sauko da gudumar, jijiyoyin hannunsa sun tashi kamar igiyar shanya, ƙarfen ya taɓa hanci, ya koma sama. Sannan ya tambaya yana haki, "A miƙe yake?"

Ni kuma in ce, "A miƙe yake, Yaya."

Lahadi arba'in da wani abu ina faɗin haka. Ina ce wa kaina ai yatsa biyu ne, wa zai lura? Ina ce wa kaina alƙalan ba teloli ba ne. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Tun da aka ba shi kujerar roba ban ga ya ci abinci ya ƙoshi ba sai da ya fara wannan abin, kuma ba na so in zama ni ce ta biyu da za ta ce masa hannunsa da matsala.

Ranar gasar na ɗinka masa riga mai gajeren hannu, don doka ta ce sai an ga gwiwa. Wurin babban ɗaki ne mai warin gumi da roba, an jera gudumomi a ƙasa daga ƙarama zuwa babba, alƙalai uku a kan kujeru kowa da tuta biyu, fara da ja. Kafin a fara, babban alƙalin, wani dattijo mai tabarau, ya tashi ya ce, "Duk wanda ya san hannunsa ba ya miƙewa duka, saboda tsohon ciwo ko aiki, ya zo yanzu ya nuna mana. Za mu rubuta iyakar miƙewarsa, mu yi masa hukunci a kan haka. In an fara ba ma karɓa."

Ashe akwai ƙofa. Mutum biyu suka tashi suka je, aka duba su, aka rubuta, suka dawo suna dariya. Yaya yana zaune kusa da ni yana shafa alli a tafinsa. Taku biyar ne tsakaninsa da teburin. Abin da zan ce kawai shi ne, Yaya, tashi ka je. Amma in na faɗa, sai ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na bar shi yana shafa allinsa. Alƙalin ya duba ɗakin ya ce, "Babu saura?" Ya zauna.

Samarin suka yi ta fama da kilo huɗu da biyar, wasu guduma tana rawa a hannunsu kamar reshe. Yaya ya wuce su duka ya ɗauki mai shida. Ya sauko da ita a hankali, ta taɓa tabon hancinsa, ta koma sama ba ko girgiza. Mutane suka fara tafi. Tuta uku suka tashi, duka ja.

Ya ɗauka saurin da ya yi ne. Karo na biyu ya yi a hankali har na ji tausayin wuyan hannun. Ja, ja, ja. Ya waiwayo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina gyaran jaka.

A karo na uku bai koma kan mai shida ba, mai bakwai ya ɗauka, wadda ba wanda ya taɓa ta ranar. Kafin ya fara dattijon ya ce, "Malam, miƙe hannunka."

Yaya ya ce, "A miƙe yake."

"Bai miƙe ba."

"Ƙanwata tela ce, ita take duba mini. A miƙe yake."

Dattijon bai yi gardama ba. Ya taso da wata ƙota marar kai, ya ɗora ta a kan hannun Yaya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ratar ta fito fili, yanzu ma ta kai yatsa uku, har ana hango bango ta cikinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya ya daɗe yana kallon wurin kamar hannun wani aka nuna masa. Ya yunƙura ya miƙe shi, ya cije leɓe, gwiwar ko gezau. Duk da haka ya ɗaga mai bakwai ɗin, ya kai ta hanci, ya mayar. Ba wanda ya yi tafi, ba don mugunta ba, kowa ya san abin da tutocin za su ce.

Dattijon ya biyo mu har bakin ƙofa. Ya ce bai taɓa ganin wuyan hannu irin wannan ba, Yaya ya dawo baɗi a rubuta gwiwarsa tun farko, ba mai ja da shi. Yaya ya ce, "Na zo ne a rubuta hannuna bai ƙare ba. Ba zan dawo a rubuta ya karkace ba." Muka taho gida, yana gaba ina baya.

Washegari da hantsi ina kan keke ya shigo shago da rigunansa duka a kafaɗa. Ya ture yadin da ke kan teburin yanka, ya shimfiɗa ɗaya, ya ninka ta biyu, ya ɗora hannun rigar na dama a kan na hagu. Ba su hau juna ba. Ya ɗauko ta biyu, haka. Ta uku, haka. Bai tsallake ko ɗaya ba, har wadda ta koɗe yake goge ƙota da ita.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara takwas."

Ya jinjina kai. Na so ya yi faɗa, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi, don na iya faɗa, na san yadda ake rama shi. Sai ya ce a hankali, "Yaron can ko ba komai a gabana ya faɗa." Ya tattara rigunan ya ajiye mini a kan keke, ya fita.

Har yanzu yana ɗakin baya. Muna gaisawa, yana cin abin da na dafa, yana kirana Auta. Gudumar tana jingine a bayan ƙofarsa, layukan allin sun goge. Ɗinki kuwa ya koma kai wa wani tela a bakin kasuwa, mutumin da ko layi ba ya iya ja daidai, yana yi masa hannaye biyu iri ɗaya sambal. Kullum da safe ina ganinsa ta tagar shago zai tafi gadi, rigar ta tattare a gwiwar dama tana cizonsa, yana tafe yana jan ta da ɗaya hannun. Aikin minti goma ne a wurina. Sau ɗaya na ce ya kawo in gyara masa, ya ce in bar ta, haka yake so ya riƙa jin ta.