Tsagar da na goge

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, ina koyarwa a wata firamare a Gumel, yayana direban babbar mota ya dawo daga Maigatari da wata tsohuwar kyamara ya dire mini a cinya. Ya ce a kasuwa ya gan ta ta ba shi sha'awa, amma ko inda ake latsawa bai sani ba. Daga ranar na zama mai hoton biki, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Sa'ar da na ci ita ce ni mace ce. Ɗakin amarya da maza ba sa shiga, ni sallama kawai nake yi in kutsa.

In fim ya cika sai in ba direba a tasha ya kai Kano a wanko, in yi mako guda ina mafarkin abin da zai fito. Wani mutumin Jos mai shagon hoto kusa da kasuwar Gumel shi ya koya mini gyara, da ɗan siririn buroshi da launuka a ƙananan kwalabe. Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanmu, in rufe ƙurji, in ƙara kwalli, in cike gira. Iska na kaɗa ganye, inuwa na yawo a kan fuskokin, ni kuwa hankalina ya yi nisa. Ina hango shagona a Kano, da labule mai zanen teku, ni da ban taɓa ganin teku ba. Gaskiya hannuna ya yi nauyi, don amaren shekarar duk sun fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma suna yabawa, ni ma kaina sai ƙara girma yake yi.

Ana haka aka sa bikin ƙawata a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Wani ɗan kasuwa za ta aura, ya tafi da ita Damagaram. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Da safen ranar kai amarya mahaifinta ya aika a kira ni zaure. Dattijo ne mai kunya, kansa a ƙasa ya ce, "'Yata, in da hali, ki ɗaukar mini ita, ita kaɗai. Fuskar nake so."

Na ce, "An gama, Baba."

Na tsayar da ita jikin rumbu, hantsi ya sauko mata a kumatu, ta ɗan juya gefe tana murmushi. Hoton ya fito da kyau ƙwarai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, tsagar gado uku-uku da ke kumatunta. Na ce a raina 'yan matan birni ma ɓoye irinta suke yi da hoda. La'asar biyu na ɓata ina bin ta da buroshi, har kumatun suka yi sumul kamar ƙwai. Na kai masa da kaina, ina tafe ina jin daɗin yabon da ba a yi mini ba tukuna.

Ya karɓa, ya duba, ya juya bayan katin kamar akwai saura a can. Ya ce, "Wannan 'yar wane ce?"

Na yi dariya. "Ita ce mana, Baba. Gyara na ɗan yi."

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. To amma ina tsagar? Marigayiya ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Wanzamin da ya yi mata, shi ya yi wa 'yar. In yarinyar nan ta juya gefe, uwarta nake gani. Yanzu ita ma ta tsallaka iyaka." Ya miƙo mini hoton da hannu biyu.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma sai tsoro ya kama ni, don ba na adana fim in an wanko, duk inda ya faɗa nan ne gidansa. Kwana uku ina birkita ɗaki, har mahaifiyata ta tambaya ko zinariya na yar. A ƙarshe na tsince shi a tsakiyar littafin darasi. Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kano da ƙafata, na sa aka wanko babba, ko ɗigon launi ban sa masa ba.

Da na kai masa, ya daɗe yana kallo. Ya bi layukan nan uku da babban yatsa a hankali, sannan ya ce, "Sannu da zuwa." Ba da ni yake ba.

Yanzu waya ce ke goge fuska da latsawa ɗaya, ni ma ina yi wa tawa, ba zan ɓoye muku ba. Amma fuskar wani ba na taɓa ta sai na tambayi mai ita. Dattijon ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Wani lokaci da la'asar nakan tuno shi a zauren nan da hoto a hannu, kuma har yau ban san wacce a cikinsu ya yi wa sannu da zuwa ba.