Malam Gershon da Matuƙin da Bai Dawo Ba

Shekara talatin da ɗaya Malam Gershon Kumai ya yi yana koyar da Turanci a Kafanchan, ni kuma ina ajin da ke jikin nasa ina fama da lissafi. Mutum ne mai kafiya. Dokarsa ga ɗalibai ɗaya ce: duk tambayar da aka yi a ƙasan labari, amsarta tana cikin labarin, malalaci ne kawai ba ya gani.

Ɗansa Yafet, mai haɗa wa mutane sola, ya kama hanyar Kaduna wata Talata, aka tare motarsu gaba da Kasuwan Magani. Waɗanda aka sako daga baya bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ce ya ga Yafet ya tsere cikin daji, wani ya ce ya ji harbi ta wajen. Babu gawa, babu kira, har shekara biyu. Dangi daga Madakiya suka matsa a yi masa sujadar bankwana a coci, a raba tufafinsa, matarsa Rosemary ta san matsayinta. Malam ya ce ba da yawunsa ba.

A kwamfutar Yafet ya tarar da wani wasa na jirgin sararin samaniya, an kai shi dab da ƙarshe. A ƙarshen wasan, matuƙin jirgin ya kutsa wani baƙin rami tsakanin taurari don ya ceci mutanensa, allo ya yi duhu, wata 'yar fitila ta ƙifta sau uku, shi ke nan. Ko ya mutu ko ya tsira, ba a faɗa ba.

Tsohon da yake kiran wayar shafawa kayan zaman banza, sai ga shi yana tuƙa jirgi da yatsa biyu. Ya sake wasan daga farko sau shida. Ya sayi littafi da jan biro, yana kwafe duk wata tsohuwar wasiƙa da aka ɓoye a lungunan jirgin, yana ja mata layi.

"Malam Ezekiyel, duba nan," ya ce mini wata rana a gindin mangwaronsa. "Tankin iska bai ƙare ba. Kuma gawa ba ta kunna wuta. Sau uku fa, kamar kwana uku na Ubangiji."

Da farko na yi masa tsiya, na ce fansho ya mai da shi direban sama. Daga baya dariyar ta maƙale mini, tausayi ya kama ni, don na gane ba matuƙi yake nema ba.

'Yarsa Afiniki, nas ce a Zangon Kataf, ta so ta raba shi da wahala. Ta binciko hirar da aka yi da waɗanda suka ƙirƙiri wasan.

"Baba, sun ce su ma ba su sani ba. Lokaci ne ya ƙure musu, suka bar shi haka."

"Wanda ya rubuta bai sani ba?"

"Bai sani ba, Baba."

Garin neman gira aka rasa ido. Malam bai yi musu ba, ya rufe kwamfutar, ya aika wa Fasto cewa a sa rana. Tun daga nan bai ƙara yi wa kowa gardama ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Ni na raka shi shagon mai buga takardar sujada. Mutumin ya rubuta ranar haihuwa a ƙasan hoton Yafet, ya ja ɗan layi, ya miƙo biro.

"Baba, ranar da ya huta fa?"

Malam ya daɗe riƙe da biron, sannan ya ajiye. Haka aka buga ɗari uku, gaban layin fari fat. Ranar sujada mutane suka yi ta zagin mai shagon, wai aikin ganganci ya yi wa marigayi. Malam yana benci na gaba, kusa da Rosemary, yana jin su, bai juyo ba.