Kaset ɗin da Kawu ya taka

Akwai wata tsohuwar waƙar soyayya ta Turawa da samarin garin Tawa muka haukace a kanta, saboda busar saksofon da ke kuka a tsakiyarta. Na naɗe ta a kaset don yarinyar da nake so, tunda bakina ya kasa.

Kawuna ya zo daga Barmu zai aika wa ɗansa mai ci-rani saƙon murya. Ashe a kaset ɗina ya fara gwadawa, ya mayar.

Na kunna mata a zaurensu. Daidai inda busar za ta tashi, sai kakin Kawu, ya tofar, ya shiga bayanin basir ɗinsa dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ka gaishe shi da jiki.”