Makiyayin da Ya Gano Dodon Faransa

Wata ranar kasuwa a Gummi na kunna fim ɗin Faransa a wayata, na wani dodo mai kashe mutanen ƙauye a zamanin da. Maƙwabcinmu, dattijon makiyayi, ya zauna muna kallo tare.

Ko rabi ba mu kai ba ya girgiza kai. "Wagga dabba tana da ubangida," in ji shi. "Naman daji don ya ci yake kisa. Ita ko sai ta kashe ta koma gida."

Haka ɗin ne kuwa a ƙarshe. Na ce, "Baba, ko ka taɓa ganin fim ɗin nan?" Ya rantse bai taɓa ba. Har yau ban gama yarda ba, don ƙanensa ne ya tura mini fim ɗin.