Baba Iliyasu da Lemon Tsami

Shekara talatin da ɗaya Baba Iliyasu Mai-alewa ya yi a gindin darbejiyar da ke ƙofar wata firamare a gefen Marnona. Ya fara zama can tun ana rubutu a kan silet, tun itaciyar ba ta kai ƙugunsa ba. Alewarsa fara ce mai jan layi, irin wadda ke liƙe a dadashi har azahar.

Bara da damina, ma'aikaciyar lafiya Malama Mas'uda ta zo ta leƙa bakin yaran. Ta sami haƙori mai rami a bakin yara arba'in da biyu. Hedimasta Zaharaddeen, wanda shi ma alewar nan ta ci masa turamen haƙori biyu yana yaro, ya ba tsohon mako guda ya tashi.

Baba Iliyasu ya tsaya bayan taga ya saurari jawabin da Malama ta yi wa yaran a aji. Ta faɗi abubuwa da yawa, amma ɗaya ya kama: a cikin miyau akwai abin da ke yaƙar ƙwayoyin cutar haƙori, kuma busasshen baki ya fi saurin lalacewa.

Ranar Litinin ya zo da kwandon lemon tsami. Duk yaron da ya sayi alewa, sai ya tsai da shi, ya yanka lemo, ya tsotse a gabansa. Idonsa ɗaya ya rufe, gemu ya karkace, kunne ya motsa. Nan take bakin yaro ya cika da miyau.

"Haɗiye, kak ka tofar! Magani na!" in ji shi.

Hedimasta ya fito. "Baba, mi kaka yi haka?"

"Wanke musu baki nika yi, ɗana. Da an yi maka, da turamenka na nan."

Malama Mas'uda ta dawo ranar Alhamis, ta yi dariya har ta dafa itace. Ta ce miyau na taimakawa, amma ba ya hana sukari ɓarna, sai an rage zaƙi an goge baki. Sannan ta leƙa bakin tsohon. Tsami ya kashe masa haƙora, ko fura ba ya iya sha sai ya yi salati.

Amma a kwana huɗun nan ciniki ya riga ya juya. Yara sun gane kallon fuskar ya fi alewa daɗi. Suka koma sayen lemon, ba don su sha ba, don su miƙa masa ya tsotse. Alewa ta narke a faranti, ƙudaje suka gaje ta.

Hedimasta ya duba ya ga ba alewar da za a kora, ya bar shi.

Yana nan har yau a gindin darbejiyar, da gyaɗa da asuwaki a faranti. Malama ta ƙayyade masa lemo ɗaya a rana, ƙarfe goma daidai. Malamai ma kan fito kallo.