Kifin da Ba a Fesa Ba

Shekara ashirin ina sayen bandar kifi a bakin tafki, daga Wara har ƙauyukan Shanga, ina tarawa a sitona da ke Yelwa. Duk wanda ke sana'ar nan ya sani, kafin a rufe kwali ana yayyafa wa kifi fiya-fiya don kada ƙwari su cinye shi.

Sai wata ƙungiyar agaji, wadda gwamnatin wata ƙasar waje ke ɗaukar nauyinta, ta fara saye a hannuna. Daka kifin suke yi a zuba a kunun yara masu tamowa. Sharaɗinsu ɗaya ne, ban da magani. Na bi matan da ke yi mini banda gida-gida ina lallashi. Babbarsu, wata tsohuwa a Wara, ta ce in ƙwari sun ci, ni suka ci, ba ita ba. Na yarda, don motar ƙungiyar ba ta taɓa wuce kwana goma ba ta zo ba.

Damina ta kama ni da kwali sittin a sito, mota shiru. Na kira jami'in da muke hulɗa da shi. Ya ce a can ƙasar an rushe ofishin agajin, an mai da aikinsa ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, kuma ba a san mai sa hannu ba tukuna. Shi kansa bai san ko yana da aiki ba.

"Alhaji, ka ƙara haƙuri."

"Ina da haƙuri, ranka ya daɗe. Ƙwari ne ba su da shi."

Zama ya gagare ni. In buɗe kwali, in shinshina, in rufe, in leƙa titi, in dawo. Ga kwalbar fiya-fiya a kan taga. In na fesa, kifina ya tsira. To, in motar ta zo gobe fa? Ko in yi ƙarya yara su sha, ko in faɗi gaskiya a bar ni da kayana.

Ranar da na ɓare wata tarwaɗa gari ya zubo, alamar ƙwari sun shiga, na ɗauki shatar mota na mai da kifin Wara. Tsohuwar ta ce ai ta faɗa mini, sannan ta tashi ta hura wuta. Kwana uku muna sake banda, sittin suka koma arba'in da ɗaya. Na sayar wa fatake a kasuwar Yelwa, farashin kowa.

Bayan wata huɗu jami'in ya kira yana tambayar kaya. Na ce za a samu, amma yanzu sai na ga motarsu a ƙofar sito nake aikawa Wara.